Dabarar Durƙuso

"Sake karanta mini layin nan," in ji attajirin da ya gina wa jami'armu filin ƙwallon Amurka, wasan nan mai kama da zari-ruga, yana gyara malafarsa.

Wata uku na yi ina ƙididdige kowane motsin ƙungiyarmu da na'ura mai ƙwaƙwalwa, na haɗa takarda mai shafi ɗari biyu, amma layi ɗaya ya gani. Na karanta: "Duk wasan da muka durƙusa riƙe da ƙwallo, mu muka ci."

"Yallabai, ai sai nasara ta tabbata ake durƙusawa, don a cinye sauran lokaci," in ji koci.

"Kai da ka sha kashi sau bakwai a jere za ka musa wa na'ura? Ranar Asabar ku durƙusa tun farko, ko ku biyun ku nemi wani aikin."

Ranar Asabar, gaban mutum dubu sittin, ƙartinmu suka yi ta durƙuso kamar masu neman gafara. Aka zuba mana maki hamsin da shida, mu ba ko ɗaya. Saura daƙiƙa talatin, sai ɗan wasan baƙi ya durƙusa da ƙwallo.

Attajirin ya damƙi hannuna, idonsa jajur.

"Kin gani ko, 'yata? Dabarar tana ci. Wani munafuki ne ya kai musu takardarki."