Damon Al Nahda

Tun kafin a gama ajiye akwatin gilashinsa a falo, Shwaiya ya gantsara wa Hafiz cizo a babban yatsa.

Tegu ake kiran irinsa, wani ƙadangare ne na Amurka ta Kudu, ɗan ƙarami mai koren kai. Balaraben da ya sayar da shi ya ce sirrin horonsa biyu ne: ka saka masa rigar da ka cire ba a wanke ba, ya saba da warin jikinka, sannan kullum ka zauna kusa da shi shiru har ya zo da kansa. "Shwaiya shwaiya," in ji shi, wato a hankali. Nan sunan ya samo asali.

Hafiz ya kwashe wannan bayani kaf ya faɗa wa mahaifinsa. Alhaji Badaru ya leƙa akwatin ta saman tabarau, ya taɓe baki.

"Damo ne. A garinmu miya ake yi da shi. Kai da karatu ya gagara riƙewa, rai za ka riƙe?"

Tun rasuwar Hajiya Mahfuza, mahaifiyar Hafiz, haka zancensu ya koma, su biyu rak a wani bene na unguwar Al Nahda da ke Dubai: uba ya yi gatse, ɗa ya haɗiye. Ciwon zuciya ya zaunar da Alhaji a gida, ya bar wa Hafiz ofishin aika kaya da ke unguwar Port Saeed, amma bai taɓa ce masa sannu da ƙoƙari ba.

Rigar dai Hafiz ya saka masa a akwati. Zaman ne babu. Yakan fita da asuba don gudun cunkoson hanya, ya dawo bayan magariba kamar an yi masa duka. Sai ya ɗan durƙusa gaban gilashi, Shwaiya ya yi masa huci, ya tsula wa gilashin jela, kowa ya kama gabansa.

Sai ga abu ya fara sauyawa. Hucin ya ragu, jelar ta kwanta. Wata Juma'a da ya miƙa hannu, Shwaiya ya zaro harshe ya lashi iska, ya bi hannunsa na hagu har kafaɗa, ya lafe a wuyansa kamar wanda ya daɗe da sanin wurin. Hafiz ya ƙame, idonsa ya ciko. Ashe shi ma akwai abin da ya iya a duniya.

Daga ranar ba abin da ke ɓata masa rai. Ƙwai na saurin ƙarewa a firij, ya ƙaro. Jar rigarsa ta ƙwallo ta ɓace, ya ɗora wa masu wanki. Ko da ya ga hannun Alhaji duk zane-zane, tsohon ya ce ƙaiƙayin zafin garin nan ne, Hafiz bai sake tambaya ba. Hankalinsa na kan Shwaiya, wanda koren kansa ya fara rikiɗa zuwa baƙi da fari.

Rigimar ta tashi ne ranar da Hafiz ya bar ofis da wuri don sayo fitilar ɗumama akwati, kayan wani ɗan kasuwa suka rasa jirgi.

"Ka bar amanar mutane a bakin ruwa kana renon damo!"

"Baba, wannan dabbar da kuke rainawa ita kaɗai ta taɓa yarda da ni a gidan nan. Kuma ni na horar da ita, ba da taimakon kowa ba. Ku ko kallon arziki ba ku taɓa yi mata ba, balle ni."

Alhaji ya kalle shi. Ya ja hannun kaftaninsa ƙasa.

"Haka ne. Allah ya yi albarka."

Hafiz ya ɗauka gatsen ne na kullum, ya shige ɗaki ya buga ƙofa. Ba su sake wata doguwar magana ba. Cikin makon zuciyar Alhaji ta tsaya, aka yi masa sutura a nan Dubai.

Bayan an watse daga zaman makoki, Shwaiya ya daina cin abinci. Ƙwai, ayaba, niƙaƙƙen nama, ko sansanawa ba ya yi. Ya shige ƙarƙashin ƙasar akwatinsa, gindin jelarsa na ramewa. Likitan dabbobi ya duba ya ce bai ga cuta ba. Hafiz ya rufe ofis, ya yini gaban gilashi yana roƙon ƙadangare kamar mutum. Uba ya tafi da fushinsa, ga wanda ya so shi ɗin ma zai bi. Wannan ne ya fi ci masa rai.

Abokan Alhaji suka ce ya haɗa kayan sawar mamaci a yi sadaka da su. Da hantsi ya buɗe ɗakin Alhaji, karon farko tun rasuwar. Ya manta bai rufe murfin akwatin ba.

Sai ji ya yi abu ya wuce ta tsakanin ƙafafunsa. Shwaiya ne, da ɗan ƙarfin da ya rage masa. Bai yi dube-dube ba, ya miƙe sak zuwa kujerar bakin taga inda rana ke faɗawa, ya hau, ya tona ƙarƙashin matashi, ya kwanta a kan wani jan ƙyalle.

Hafiz ya janyo ƙyallen a hankali. Rigarsa ce ta ƙwallo. Ta buɗe har ta kai faɗin tumbin Alhaji, tana ƙamshin man zafinsa, kafaɗar hagu duk farce ya tsattsage ta.

Ashe kullum in ya fita aiki, tsohon ne ke cusa jikinsa a rigar ɗansa ya zauna shiru yana shan yakushi, don in damon ya tashi son mutum, ya so Hafiz.