Takalma a Bakin Zaure

Wasila na dawowa daga gidan yayarta mai bidiyo, saurayinta Sama'ila ya tare ta a ƙofar gidan iyayenta. Ta miƙa masa kaset ɗin katun da ya aro mata daga Gusau, tana taɓe baki.

"Gimbiyar nan sokuwa ce. Kullum tana taga tana yi wa tsuntsaye waƙa, saurayin yana ta zagaye gidan bisa doki."

"Kunya ce da haƙuri," in ji shi.

"Wane haƙuri? Gara ta wancan kaset, mai tsiwar nan. Da ni ce, wallahi sai in leƙo in ce, Malam, tausaya wa dokin, turo manyanka!"

Maganar na fita ta toshe baki da mayafi.

Sama'ila ya danne dariya, ya nuna mata bakin zaure da haɓa. Takalman baƙi ne a jere.

"Manyana ne, su Kawu Bawa daga Bungudu. Tun la'asar suna wurin Babanki."

"Shi ne ka ƙyale ni ina ta zuba?"

"So nake in ji wace gimbiya zan aura."

Ta zabura za ta ruga cikin gida, sai ta tuna babu hanya sai ta zauren.