Ranar da Manhajar Ta Daina Nauyi

"Yau manhajarmu kamar walƙiya," in ji manaja, yana nuna babban allon ofis. Ko'ina kore shar, babu alamar ja ko ɗaya.

Wata shida injiniyar da ke lura da manhajar odar kayan tana roƙon a gyara ta, domin da 'yan kasuwa sun yi yawa sai ta tsaya cak. Kullum amsar ɗaya ce: sai baɗi.

"Ranka ya daɗe, ka san mutum nawa suka shiga manhajar tun safe?" in ji ta.

"Nawa?"

Ta dubi abokan aikinta goma sha biyu, duk masu iyali, suna ta murmushi. Ta sassauta murya.

"Biyu. Ni da kai."