Lambar da Munzali Ya Ba Nas

"Kawo lambar wayarka," in ji nas ɗin asibiti ga Munzali. "Kullum za mu turo saƙo, ka tuna da maganin asmarka."

Munzali kuwa ba ya so abokan ƙwallonsa su san yana da asma. Sai ya karanto mata wata lamba da ta faɗo masa a kai, ya fito yana murmushi.

Washegari suna tsakiyar wasa a Gwadangaji, sai ga motar mai tallar maganin basir, yana rera lambar wayarsa a lasifika kamar kullum. Munzali ya tsaya cak. Ita ce lambar da ya ba nas!

Lasifika ta ƙara ɓarkewa: "Jama'a, wane na Munzali mai asma? Asibiti sun ce ka shaƙi maganinka, don Allah in huta!"