Numfashi Bakwai

"Ku tsaya!" Sabon malamin kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan coci, ya buga takarda a kan benci.

Waƙar yabon takan taso a hankali da muryoyin mata, maza su tallafe ta daga ƙasa, amma da an kai tsakiya sai kowa ya yi tsit, tsawon numfashi bakwai.

"Wannan shirun babu shi a takarda. Ran Lahadi ban son jin shi," in ji malamin.

Tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a kwayar ta ji kamar haƙorinta za a cire.

"Ɗana, shekara talatin da la'asar muke koyo. Daidai nan ladanin masallacin bayanmu yake ɗaga murya, sai mu jira ya sauke. Shekarar da aka gudu daga Mubi, shi ya bi da mu hanyar dutse. Mu mun dawo, ban da shi."

Ran Lahadi waƙar ta hau har tsakiya. Tsohuwa ta runtse ido, tana jiran a tsallake gurbin. Sai hannun malamin ya tsaya a sama, leɓensa na ƙirga. Bai sauke ba sai da ya kai bakwai.