Izinin Bogi a Wayar Mato

Kwana shida ke nan tirelar da Mato ke tuƙawa tana tsaye a garejin manyan motoci na Ojo, maƙare da buhunan riɗi da ya ɗauko daga Maigatari, za a fitar da su ƙasar waje. Shekara ashirin da biyu yana bin wannan hanya, amma yanzu abin ya sauya. Babu motar da za ta doshi tashar jiragen ruwa sai an yi mata rajista ta waya, an turo wa direba lambar izini da ranar shigarsa.

Mato bai taɓa zama ya koyi abin ba. Waya a wurinsa ta kira ce da sauraron wa'azi. Hashimu, direban da ke fake kusa da shi, ya ce, "Taso mu je ofishin ƙungiya a cike maka, ka jira layinka."

"Da furfurata zan zauna ana koya mini latse-latse? Ga mai kaya ya hana ni sakat da kira."

Da ya leƙa gida Agege bayan la'asar, sai ya yi kiciɓis da Khamisu, haifaffen unguwar, wanda kullum yake bakin gareji alhali ba ya tuƙi.

Da Khamisu ya ji damuwarsa, sai ya ce, "Oga Mato, wane irin jira? Ina da mutum a cikin tashar. Kawo wayar."

Mato ya biya shi ba tare da tambaya ba. Can sai ga hoto ya shigo, da tambari da lamba, tsaf.

Washegari da hantsi ya ja mota. A shingen da ke kusa da Ajegunle, jami'i ya ɗora na'ura a kan wayar, ta nuna ja. Ya sake ɗorawa, ja dai.

"Wannan izinin wata mota ne, ta shiga tun makon jiya. Sauko."

Mato ya yi rantsuwa har muryarsa ta dishe. Ya kira Khamisu, waya a kashe. Aka janye tirelar zuwa filin tsare motoci, shi kuma ya yi kwana uku a hannun 'yan sanda. A cikin kwanakin nan aka tafka ruwa, ga tamfol ya yage wajen ja, ba wanda ya kula. Ranar da aka kwance igiya, riɗin ya yi fumfuna, na sama har ya fara tsiro. Jirgin da zai ɗauki kayan kuwa tuni ya tashi.

Mai motar bai ɗaga murya ba. Hannu kawai ya miƙo. "Ba ni makullin, Mato."

A danfo, bas ɗin haya, ya koma Agege. Ya daɗe tsaye a ƙofar gida, yana jin muryar matarsa a ciki, ya rasa da wane baki zai yi sallama.

Jama'a, izinin shigar da kaya ta hanyar hukuma kaɗai ake samunsa. Wanda bai iya ba ya tambaya a koya masa, kada girman kai da gaggawa su miƙa sana'arsa ga ɗan damfara.