Baƙin Fenti a Gilashin Barira

Tun da aka kafa dokar tuƙi da na'ura zalla, aka shafe gilasan ƙananan jiragen sama da baƙin fenti. Hukuma ta ce ido yana ruɗin matuƙi, ma'aunin tsayi kuwa ba ya ƙarya.

Da hantsi jami'in hukumar, Malam Ɗanjuma, ya zo filin jirgin Gembu duba ma'aunin jirgin Barira, matuƙiya mai jigilar magani zuwa ƙauyukan kan dutse. Ya shiga jirgin, ya gwada ma'aunin, ya buga hatimi. Zai sauka ke nan ya hango ɗan haske a jikin gilashin. An kankare fentin, wuri bai fi farce ba.

"Hajiya, wannan zai sa a ƙwace lasisinki."

"Jirgin ƙanena Sallau ma kai ka buga wa hatimi," in ji ta. "Da ya yi karo da dutse muka tsinto ma'auninsa a gindin dutsen, allurar tana nan tana nuna yana can sama."

Ya sunkuyar da kai. "Dole in kai rahoto."

Barira ta zaro makulli, ta yi ta kankarar fentin har dutsen ya bayyana gaba ɗaya.

"To, ka gaya musu girman tagar. Sauka, marasa lafiya suna jira na."